Jijiyar Dutse

Tun da na dawo daga Kamaru 'yan majalisarmu ta unguwar Takur, a nan Dutse, suka sa ni a gaba. Kullum bayan la'asar, kafin in gama zama a benci, wani zai ce, "Sajan Nuhu, wai me ka rusa musu a can?" Wani kuma ya ce da gaske ne burodinsu har akuya ake kora da shi? Na ba da labarin guntu-guntu har bakina ya gaji, kuma na lura kowa yana ƙara masa gishiri idan ya kai gaba. Shekaranjiya na ji an ce wai tsauni guda na tashi da shi sama. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, ni soja ne a ɓangaren injiniyoyi, kuma aikina nakiya. Idan runduna ta zo wucewa ta tarar da katanga ko shinge, ko wani gini da aka ce a kawar da shi, mu ake kira mu buɗe hanya. Shekarata goma sha huɗu a kan wannan aiki, yatsuna goma suna nan cif, alhamdu lillahi.

Mahaifina kuwa, Malam Sale, ya yi shekara arba'in yana fasa dutse a duwatsun garin nan da guduma da cizal. Gidaje da yawa a tsohuwar unguwarmu a kan dutsen da ya fasa aka aza harsashinsu. Ina yaro na yi masa aiki, na ɗauki ruwa, na riƙe cizal, har ƙafata ta sha tsakuwa. Bai ƙi in shiga soja ba, amma ranar da ya ji ɓangaren da aka kai ni, sai ya ce, "Ku ai ba fasa dutse kuke yi ba, tsawa kuke daka masa." Tun daga nan idan baƙo ya tambaye shi aikin ɗansa, sai ya ce, "Mai rusau ne." Ana dariya, ni ma ina yi, amma ba zan ɓoye ba, maganar tana ci mini rai.

Ina hutu a gida aka kira ni a waya. Za a yi horo na mako biyu a arewacin Kamaru, sojojin injiniya na ƙasashe maƙwabta, kuma sunana ya fito. Aka ce in sami sauran a Yola. Matata Hajara ta haɗa mini kilishi da ƙuli-ƙuli, da jaka guda ta dabinon Dutse, wai kada su kashe mata miji da yunwa. Da safe na ajiye kayan a zaure kusa da tabarmar Baba, na shiga ciki na yi wa Inna sallama. Da na fito na durƙusa, Baba ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. A rusa lafiya." Iyakar abin da ya ce ke nan.

A tasha na sami motar Gombe. Maƙwabcina a kujera wani dattijo ne ɗan Kafin Hausa mai fataucin awaki. Ba mu kai Birnin Kudu ba ya gama sanin sunana da na kakana, sai ya zo kan aiki. Da na faɗa masa, ya dubi jakar dabinon da ke tsakanin ƙafafuna, ya ɗauke ƙafarsa a hankali ya ɗora kan ta mutumin da ke gefensa.

"Yaro, fisabilillahi, akwai ta a ciki?"

"Baba, dabino ne."

"To, buɗe in gani."

Na buɗe. Ya gani, ya ɗanɗana don ya tabbatar, bai kuma daina tabbatarwa ba sai da muka wuce Darazo. Can taya ta fashe mana da ƙara, dattijon nan ya yi salati da ƙarfi yana kallona, kamar ni na tayar da ita. Muka yi awa biyu a gindin wata tsamiya ana faci. A Gombe na kwana gidan wani abokin aiki, washegari na bi ta Numan na shiga Yola da zafin rana.

Mu shida ne. Shugabanmu wani Laftanal ne, yaro mai ilimi da hankali. Abokin tafiyata kuwa Kofur Bitrus, mutumin Filato, wanda Allah ya hore wa ci da surutu daidai wa daida. Motar soja ta kwashe mu zuwa iyaka.

A iyaka muka fara ganin abin mamaki. Mun isa ƙarfe goma sha biyu da 'yan mintuna, muka tarar jandarmomi sun saukar da sanda sun tafi cin abinci. Ba wanda ya ɗaga ido. Laftanal ya nuna takarda mai hatimi uku, wani ya nuna masa agogo, ya ɗaga yatsa biyu. A wurinmu ko loma ce a bakin ma'aikaci, idan ya ga kaki zai haɗiye ya taso. Su kuwa lokacin abinci wajibi ne. Da biyu ta yi suka dawo da fara'a, suka duba katin rigakafi, suka ce kowa ya zazzage kayansa a tebur. Ban damu ba, tunda nakiya ba a tsallaka iyaka da ita, masu masauki ne za su bayar. Jandarman ya tura hannu cikin jakar dabino, sai ya tsaya. Ya zaro wani abu naɗe cikin tsohon rawani. Ya warware, sai ga guduma.

Ƙaramar gudumar Baba ce, mai ƙotar da tafin hannunsa ya goge har tana sheƙi. Ba ta fasa dutse ba ce, ta ƙwanƙwasawa ce. Na tsaya ina kallonta kamar wanda aka kama da kayan sata. Ashe lokacin da na shiga wurin Inna ya tura ta ƙasan jakar.

Bitrus ya ce, "Oga, kafinta ne aka turo mana ba mu sani ba?"

Jandarman ya juya ta, ya yi magana da Faransanci, na ce masa ta mahaifina ce. Ya ɗaga kafaɗa, ya ɗebi dabino uku, ya mayar mini. A mota na yi ta tunani. Tsokana ce Baba ya yi mini, ko kuwa wani abu yake nufi? Na cusa ta cikin jakar kaki.

Masaukinmu wani sansani ne a gindin duwatsu, dogon ɗaki mai gadajen ƙarfe da gidan sauro. Shugaban horon wani Kyaftin ne ɗan kudancin ƙasar, ƙato, mai gashin baki, yana jin Turanci kaɗan. Ya zo tarbar mu, na ƙame na sara masa. Ya kama hannuna, sai na ga ya kawo kansa zai haɗa da nawa. Ni kuwa na goce. Kansa ya wuce ta kan kafaɗata, ya kusa faɗuwa. Ashe gaisuwar girmamawa ce a wurinsu, a haɗa gefen goshi dama da hagu. Bitrus ya yi dariya har da hawaye. Kyaftin bai yi ba, kuma kwana uku yana kirana "mai gocewa".

Abinci kuwa sai a hankali. Da safe burodi ne dogo kamar taɓarya, ɓawonsa yana yanka dasashi, a tsaga shi a zuba wake da taliya da ƙwai a ciki. Wannan na saba da shi har na so shi. Amma akwai wani rogo da suke naɗewa a ganye su ɗaure da zare, mai tsami da danƙo, wanda na yi kwana goma ina ƙoƙarin fahimtarsa ban yi nasara ba. Bitrus ne yake cinye nawa, ni kuma in koma wa ƙuli-ƙulin Hajara. Ranar da aka yi miyar yakuwa da tuwon dawa na ci kwano biyu, na ce ashe dai akwai mutanen kirki a kicin ɗin nan.

Abin da ya fi taimakona shi ne Fulatanci. Inna Bafulatanar Jahun ce, kuma a hannun kakata na yi ƙuruciya, ita kuwa ba ta yi wa jika Hausa. A can kowa Fulatanci yake yi a kasuwa, Bafulatani da wanda ba shi ba. Da na gaida mai sayar da nono na ce "Jam ɓandu na?" sai ta ƙara mini ludayi guda.

Makon farko muka yi ta aiki a filin horo. Aka gina katanga muka huda ta, aka ja waya mai ƙaya muka buɗe hanya a ciki, aka nuna mana tsohon ɗakin siminti muka kwantar da shi inda aka zana. Ba yabon kai ba, mu shidan nan ba mu ba ƙasarmu kunya ba. Ana saura kwana biyu a rufe, Kyaftin ya ce horo ya ƙare, yanzu aikin gaske za a yi.

Ya kai mu wani ƙauye a cikin duwatsu, Wuro Sambo. Da daminar da ta wuce wani ƙaton dutse ya gangaro daga tsauni ya zauna a tsakiyar hanya ɗaya tilo da mota ke shiga garin. Girmansa ya kai ɗaki biyu. Wata biyar ke nan mara lafiya a kan jaki ake zagayawa da shi ta bayan tsauni. Matsalar ita ce, taku goma sha biyu daga gindin dutsen akwai rijiya, tsohuwa, an jera mata duwatsu tun daga baki har ƙasa ba siminti. Ƙauyuka huɗu ne suke sha a cikinta da dabbobinsu, kuma ba ta ƙafewa da rani.

Kyaftin ya zagaya dutsen, ya yi lissafinsa a takarda. Shirinsa a lafta masa nakiya mai yawa a tarwatsa shi lokaci ɗaya, domin jibi manya za su zo bikin rufewa, kuma a mota za su shigo. Lissafinsa daidai ne, haka littafi ya ce. Shi da kansa ya faɗa cewa girgizar za ta iya rufta rijiyar, amma za a rubuta a haƙa musu ta burtsatse.

Aka kira Jauro, wato mai garin, tsoho siriri mai sanda. Tafinta ya yi masa bayani. Jauro ya yi magana a hankali da Fulatanci. Ya ce kakansa ne ya haƙa rijiyar, shekara uku yana yi. Ya ce in dai sai an zaɓa, a bar musu dutsen su ci gaba da hawan jaki, domin mutum yana iya wata biyar ba mota, amma ba ya iya kwana biyar ba ruwa. Tafinta ya juya ya ce wa Kyaftin, "Ya ce sun gode."

Nan raina ya ɓaci. Na san soja ba ya tsoma baki a maganar manya, amma na matsa kusa da Laftanal na ce, "Yallaɓai, ba haka tsohon nan ya ce ba." Na faɗa masa abin da ya ce. Ya dube ni ya ce, "To kana da wata hanya ne, Sajan?" Sai na ji bakina ya ce, "Ina da ita, Yallaɓai. A ba ni safiya ɗaya."

Kyaftin ya saurara yana murza gashin baki. Ya ce ya ba ni daga asuba zuwa ƙarfe goma sha biyu, da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na nakiyar da ya ware ba. Idan dutsen bai buɗe ba, ƙarfe biyu za a bi nasa shirin, kuma a rahoto za a rubuta cewa 'yan Najeriya ne suka ɓata rabin yini. Laftanal ya ce ya yarda. A hanyar komawa ya ce mini a hankali, "Sajan, wuyana na ba ka."

Abin da na dogara da shi ba a littafi yake ba. Baba ya sha faɗa mini cewa ba dutsen da ba shi da jijiya, wato wani siririn layi a cikinsa inda ya riga ya yarda ya rabu. Ido ba ya ganinta. Amma idan ka jiƙa dutse da sassafe ka jira rana ta ɗago, ko'ina zai bushe ya bar jijiyar da duhu, domin ita ta sha ruwan. Sannan ka bi ta da ƙaramar guduma kana saurare. Na ga ya yi haka sau ɗari. Ni ban taɓa yi da kaina ba, kuma rabona da tsayawa kusa da shi a bakin aiki shekara ashirin.

Bayan sallar asuba na roƙi Jauro a ba ni ruwa. Matan garin suka jeru daga bakin rijiya, tulu yana bin tulu, ni da Bitrus muna saman dutsen muna kwarara masa. Sojojin sauran ƙasashe suka taru suna ɗaukar mu hoto a waya. Na ji wani yana cewa tsafin 'yan Najeriya ne. Bitrus ya ce, "Oga, in wanka za mu yi masa, a kawo sabulu mana."

Rana ta fito. Gefen gabas ya fara bushewa, na bi shi da ido taku-taku. Ya bushe fes, ba layi ko ɗaya. Saman ma haka. Kyaftin yana tsaye ya harɗe hannu, Jauro yana tsugune a bakin rijiyarsa bai ko kallo ni ba. Na zagaya gefen da ke kallon tsauni, inda inuwa ta daɗe, na tsuguna ina jira, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Wajen ƙarfe takwas da rabi wurin ya fara yin fari. Sai ga ta. Siririya kamar zare, baƙa, ta taso daga ƙasa ta karkata ta haura har kusa da ƙoli.

Na zaro gudumar Baba. Na ƙwanƙwasa nesa da layin, dutsen ya amsa da ƙara mai kaifi. Na matso kan layin, sai muryar ta sauya, ta zama ta tulun da ya tsage. Wallahi sautin nan na san shi tun ina ɗan shekara tara. Na bi shi ina bugawa ina zanawa da gawayi har na gano inda ya ɓulla ta ɗaya gefen. Kyaftin ya matso, ya karɓi gudumar, ya buga nan ya buga can, ya kara kunne. Ya miƙo mini ita, ya ba da umarni a kawo injin huda.

Muka huda a kan layin, muka sa 'yar nakiyar da aka ba mu, muka lulluɓe da tsofaffin tayoyi da buhunan yashi. Aka rufe bakin rijiya da katako. Kafin a kwashe mutane zuwa bayan tudu, Jauro ya cika ƙwarya da ruwa har baki, ya ɗora a kan gefen rijiyar. Ya ce mini, "Ita za ta faɗa mana gaskiya."

Aka busa usur sau uku. Na yi bisimilla na danna.

Ƙarar ba ta fi tarin babban mutum ba. Ƙura ta ɗan tashi ta kwanta, ga dutse yana nan zaune yadda yake. Bitrus ya ce, "Oga, shi ke nan?" Wani ya yi dariya a bayanmu. Sai muka ji wani dogon ƙuuu, layin gawayin nan ya buɗe, rabin dutsen ya karkata a hankali ya kwanta ta gefen tsauni, ya rabu biyu kamar goro. Bayan an tabbatar ba sauran haɗari, Jauro ne ya riga kowa isa, tsoho da sanda yana sassarfa. Ƙwaryar tana nan, ruwan da ya zube daga cikinta bai kai cikin cokali ba. Aka ɗage katako, ya zura guga da hannunsa, ya jawo. Ruwa garau. Ya sha, ya miƙo mini, matan garin suka ɗauki guɗa.

Ban taɓa jin alfahari irin na wannan rana ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Sauran rabin ma ta jijiyarsa muka bi, kafin la'asar katafila ta ture gutsattsarin, mota ta shiga Wuro Sambo. Kyaftin ya zo ya kama hannuna ya kawo kai. Wannan karon ban goce ba, na ba shi dama da hagu har hulata ta faɗi. Ya tambaye ni a wace makaranta aka koya mini wannan. Na ce masa a Dutse, wurin wani malami mai tsananin gaske.

Dawowa ba wani labari, sai dai man shanun da matar Jauro ta ba ni ya narke a jaka tun kafin Numan, kakina ya yi ƙamshinsa har gida. Na iso Takur da hantsi. Baba yana zaure a kan tabarmarsa. Bayan gaisuwa na ajiye masa gudumar a gabansa, tare da wani ɓallin dutse da na tsinto daga fuskar da ta rabu. Idonsa ya yi rauni yanzu, sai ya ɗauki ɓallin ya shafa shi da babban yatsa, ya juya, ya sake shafawa. Na ba shi labari tun daga farko, bai katse ni ba sai da na gama.

"Ruwa ka fara zubawa ko bugu ka fara yi?"

"Ruwa, Baba."

"Rijiyar fa?"

"Ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗa ciki ba."

Ya sake shafa ɓallin. Sannan ya tura mini gudumar da bayan hannunsa ya ce, "Ɗauke ta, ni na gama da ita."

Ana haka wani tsohon abokinsa ya yi sallama ya shigo, ya gan ni da kaki ya ce, "A'a, Malam Sale, mai rusau ne ya dawo?" Baba ya miƙa masa ɓallin dutsen.

"Shafa nan ka ji," in ji shi. "Wannan aikin mai fasa dutse ne. Ɗana ne ya yi."